John Dunstaple: me ya kawo sabo a waƙar Turai, kuma yaya ake rera aikinsa?

Istifanus:

Barkanmu da war haka, malamaina. Tambayata ga waɗanda suka san tarihin waƙar cocin Turai ce. Kusan duk inda aka zo bayanin farkon zamanin farfaɗowar Turai ta fannin waƙa, sai an ambaci wani mutumin Ingila mai suna John Dunstaple, a ce daga kansa kunnen Turawa ya canza. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wasu har cewa suke shi ya kawo do-mi-so, haɗin da yau ko ƙaramin yaro a ƙungiyar mawaƙa ya sani. To kafin shi me ake rerawa? Mutum ɗaya zai iya ƙirƙiro abu irin wannan? Sannan in har ya kai yadda ake faɗa, me ya sa yawancin waƙoƙinsa a Italiya aka same su, ba a ƙasarsu ba? Ina neman bayani dalla-dalla: wane ne shi, wa ya yi wa aiki, kuma me yake yi da muryoyi wanda na gabansa ba su yi ba. Allah ya ƙara basira.

Malam Habila:

Malam Istifanus, sannu da ƙoƙari. Bari in ɗauki ɓangaren rayuwarsa da hanyar da sunansa ya bi ya fita. Na muryoyi akwai waɗanda suka fi ni a nan.

Ranar mutuwarsa ita ce abin da ba gardama a kai: jajibirin Kirsimeti, 24 ga Disamba 1453, shekarar da Daular Usmaniyya ta ci Kustantiniyya, kuma shekarar da yaƙin shekara ɗari tsakanin Ingila da Faransa ya ƙare. An binne shi a cocin St Stephen Walbrook da ke Landan. Babbar gobarar 1666 ta cinye cocin har da allon kabarin, sai dai an riga an kwafe rubutun da ke jiki, shi ya sa aka iya mayar da shi a 1904 cikin ginin da Christopher Wren ya sake tayarwa. Shekarar haihuwarsa kuwa lissafi aka yi. Tsofaffin waƙoƙinsa na tsakanin 1410 da 1420 ne, sai masana suka tsaya a kan wajen 1390. Za ka ga wasu suna rubuta Dunstable da b, kamar sunan garin nan na Bedfordshire, amma kundayen waƙa na zamaninsa sun fi rubuta shi da p, kuma Margaret Bent, wadda ta yi zurfi a bincikensa, wannan ta bi.

Rubutun kabarin bai tsaya a waƙa ba, ya yabe shi da sanin sirrin taurari. Wannan ba baƙon abu ba ne a lokacin, domin a makarantun Turai kiɗa na cikin ilimai huɗu na lamba, tare da lissafi da handasa da falaki. Haka Boethius, tsohon malamin Rum, ya jera su, haka Al-Farabi ma ya sa kiɗa cikin iliman lissafi, kuma an fassara wannan aiki nasa zuwa Latin a ƙarni na 12. Littattafan falaki da suka bi ta hannun Dunstaple suna nan har yau a Oxford da Cambridge. A cikin ɗaya, wanda ke kwalejin St John ta Cambridge, an rubuta cewa littafin mallakar John Dunstaple ne, mawaƙin mai sarautar Bedford.

Wannan layi guda shi ne bakin zaren tambayarka ta tasiri. John na Bedford ƙanen Sarki Henry na Biyar ne, wanda ya ci Faransawa a Agincourt a 1415. Da Henry ya mutu a 1422 ya bar jariri a gadon sarauta, Bedford ne ya riƙe yankunan Faransa da ke hannun Ingila har ya mutu a Rouen a 1435. A 1423 ya auri Anne, ƙanwar Philip mai mulkin Burgundy, wanda fadarsa ke cikin manyan matattarar mawaƙa a arewacin Turai, kuma a can mai tsara waƙa Gilles Binchois ya yi yawancin aikinsa. Daga 1420 zuwa 1435 Ingila da Burgundy ƙawaye ne a yaƙi. Kowane basarake kuma da mawaƙan ɗakin ibadarsa yake tafiya, kamar yadda sarki ba ya fita ba makaɗansa. Duk inda aka haɗu wurin biki ko naɗi ko ibada, kunne ya ji, magatakarda ya kwafa. Takardu sun nuna Dunstaple kansa yana da filaye a Normandy.

Ban da Bedford akwai iyayen gida biyu da takardu suka tabbatar. Daga wajen 1427 yana cikin mutanen Sarauniya Joan ta Navarre, matar marigayi Henry na Huɗu. Da ta mutu a 1437, sai aka gan shi a 1438 cikin mutanen Humphrey na Gloucester, autan maza cikin ’yan’uwan Henry na Biyar. Humphrey aminin John Whethamstede ne, shugaban gidan zuhudu na St Albans. Whethamstede ya rubuta wa Dunstaple baitocin makoki, shi kuma Dunstaple yana da waƙa ta girmama waliyyin wurin, Albanus roseo rutilat. Alamu sun fi nuna cewa shi ba limamin coci ba ne, mutum ne mai filaye da matsayi, saɓanin yawancin masu tsara waƙa na zamaninsa.

Hanya ta biyu ita ce manyan tarukan cocin Katolika, na Constance daga 1414 zuwa 1418, da na Basel wanda aka buɗe a 1431. Bishop-bishop daga ko’ina suka zo da mawaƙansu suka zauna shekaru a gari ɗaya.

Shaidun tasirinsa biyu ne ake yawan kawowa, kuma duka biyun ba ’yan Ingila ba ne, balle a ce yabon ɗan gida ne. Martin le Franc, a wata doguwar waƙar Faransanci da ya miƙa wa Philip na Burgundy wajen 1441, ya ce manyan masu tsara waƙa Guillaume Du Fay da Binchois sun ɗauki contenance angloise, wato salon mutanen Ingila, sun bi Dunstaple, shi ya sa waƙarsu ta yi armashi. Shekara talatin bayan haka, Johannes Tinctoris, malamin kiɗa a fadar Naples, ya ce tushen sabuwar fasahar yana wurin mutanen Ingila, Dunstaple ne kuma shugabansu. A 1477 ya ƙara da cewa duk abin da aka tsara fiye da shekara arba’in baya bai cancanci saurare ba. Cire 40 daga 1477 ka ga inda ya ja layinsa.

Malama Saratu:

Malam Istifanus, amsar tambayarka ta farko ita ce a’a, bai ƙirƙiro do-mi-so ba. Tun ƙarshen ƙarni na 13 wani marubuci da ba a san sunansa ba ya ce a yammacin Ingila mawaƙa suna ɗaukar tazarar uku, wato do da mi, a matsayin haɗi mafi daɗi. Dunstaple a cikin wannan kunne ya tashi. Amma kafin a gane abin da ya yi da shi, sai an gane me ya sa malaman kiɗa na Turai suka daɗe suna ɗari-ɗari da mi.

Samo tsirkiya ɗaya, ta molo ko ta jita, wadda tsawon inda ke rawa ya kai santimita 60. Kaɗa ta a sake, ka kira sautin do. Danne ta yadda santimita 30 ne kawai ke rawa, ka sami do na sama, 2:1 ke nan. A santimita 40 so ne, 3:2. A 45 fa ne, 4:3. Waɗannan su ne haɗe-haɗen da malamai, bisa lissafin da ake dangantawa da Pythagoras, suka yarda cikakku ne. Mi kuwa ta doguwar hanya suke samo shi: a hau tazarar biyar sau huɗu, do zuwa so, so zuwa re, re zuwa la, la zuwa mi, sannan a sauko da tazarar takwas, wato daga do na sama zuwa do, sau biyu. Abin da ke fitowa 81:64 ne, a tsirkiyarka santimita 47.4. Amma mi ɗin da kunne ke nema 5:4 ne, santimita 48 cif. Bambancin milimita shida ne kawai, kuma a cikinsa duk rigimar take.

Ga dalili. Duk sautin da murya ko tsirkiya ta fitar yana tafe da ’ya’yansa a sama, ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, haka dai. A ce do yana girgiza sau 200 a daƙiƙa. Ɗansa na ninki biyar 1000 ne. Mi na 5:4 yana girgiza sau 250, ɗansa na ninki huɗu shi ma 1000 ne, sai su kwanta a kan juna lafiya lau. Mi na 81:64 kuwa 253 ne da ɗan ɗoriya, ɗansa na ninki huɗu 1012.5. Tsakanin 1000 da 1012.5 kunne yana jin ɓari sau goma sha biyu da rabi a kowace daƙiƙa. Ɓarin nan ne ya sa ake ganin tazarar uku ba wurin zama ba ce, wurin wucewa ce. Walter Odington, ɗan zuhudu a Evesham wajen 1300, ya riga ya lura cewa 81:64 na dab da 5:4, kuma mawaƙa da muryarsu suke gyara shi.

To me Dunstaple da tsararsa suka yi? Sun cika waƙa da tazarar uku da ta shida daga farko har dab da ƙarshe, wannan kowa ya sani. Abin da aka fi mantawa, kuma a ganina shi ne babba, shi ne yadda suka ɗaure saɓani, wato karon sautuka marasa jituwa. A waƙoƙin ƙarni na 14, in dai kowace murya ta dace da tenor, wato muryar da ke riƙe da gindin waƙa, ba a cika damuwa ba in muryoyin sama sun yi karo da juna a hanya. A wurin Dunstaple sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ji karo ba, duka muryoyin sun jitu da juna. In kuma karo zai zo, a shirye yake zuwa. Misali: muryar sama tana kan do na sama, tenor yana kan mi, tazarar shida, lafiya. Ta sama ta riƙe do ɗinta, tenor ya sauka re, tazarar bakwai ke nan, karo. Sai ta sama ta sauko ti, an dawo shida. Sannan su buɗe tare, ita ta hau do, shi ya sauka do. Bakwai, shida, takwas. Wannan ɗan tsari na jinkirta murya sannan a warware ta ƙasa, shi waƙar Turai ta riƙe ɗaruruwan shekaru, har cikin littattafan waƙoƙin coci na yau.

In kana so ka ji ɗanɗanon Ingila da kunnenka, nemi mutum uku ku gwada faburden, hanyar da mawaƙan Ingila ke ƙawata waƙar ibada nan take ba tare da an rubuta ba. An bayyana ta a wani kundi da John Wylde na Waltham ya kwafa a ƙarni na 15. Asalin waƙar yana muryar tsakiya. Na ƙasa yana farawa da tazarar biyar ƙarƙashinta, ya ci gaba da tazarar uku, ya dire da biyar. Na sama kullum tazarar huɗu yake bisa ta tsakiya. Ku rera haka, sauti biyar, a hankali. Tsakiya: so, la, so, fe, so. Ƙasa: do, fa, mi, re, do. Sama: do, re, do, ti, do, duka a sama da na tsakiya. Inda ake faɗuwa shi ne sauti na huɗu. Na tsakiya zai so ya rera fa domin shi ya saba, amma fa da ti matakai uku cikakku ne, haɗin da suke gudu. Dole ya ɗaga zuwa fe, wato fa da aka ɗaga da rabin mataki. Da fe da ti suka hau tare zuwa so da do, za ka ji direwar ƙarni na 15 sak. A ƙetaren teku, cikin nahiyar Turai, aka yi makamancinsa, fauxbourdon, inda asalin waƙar ke muryar sama, kuma ana samunsa a aikin Du Fay tun wajen 1427.

Kada dai a ɗauka rubutattun waƙoƙin Dunstaple faburden ne. Yakan ɗan bi ta wannan jeri, musamman gab da direwa, amma kowace murya tana da tafiyarta. Mafi sauƙin misali shi ne Quam pulchra es, mai murya uku, kalmominta daga sura ta 7 ta Waƙar Waƙoƙi a Littafi Mai Tsarki, ana rera ta don girmama Maryamu. Muryoyin uku kusan tare suke furta kowace gaɓa, har kalma tana fita tas, kuma karon da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, yawancinsa a bakin direwa.

Malam Nuhu:

Malam Habila da Malama Saratu sun yi bayani mai gamsarwa. Ni gyara ɗaya nake da shi, sannan amsar maganar Italiya.

Gyaran shi ne, a rage ɗora wa mutum ɗaya kayan tsara guda. Waƙoƙin da ake dangantawa da Dunstaple ba su wuce hamsin zuwa sittin ba, kuma da dama cikinsu wani kundin yana ba wani mutum daban. Magatakardan Turai in suka sami waƙar Ingila, wani lokaci “ta Ingila” kawai suke rubutawa a kai, wani lokaci kuma su ɗora sunan da suka fi sani. O rosa bella, wadda aka daɗe ana cewa tasa ce, yanzu an fi ba John Bedyngham. Akwai kuma Leonel Power, wanda ya mutu a Canterbury a 1445, salonsu yana kusa har ƙwararru na rikicewa. A kundin Old Hall, mafi girman abin da ya tsira na waƙar Ingila daga wajen 1415 zuwa 1421, Power yana da waƙoƙi sama da ashirin, Dunstaple kuwa ɗaya tak, ita ma daga baya aka ƙara ta ba tare da suna ba. Shi ne fitaccensu, babu shakka, amma salon na gari ne.

Dalilin da ya sa aka same shi a Italiya: kundayen Ingila ne suka hallaka. Henry na Takwas ya rushe gidajen zuhudu daga 1536 zuwa 1540, ɗakunan karatunsu suka watse. A zamanin ɗansa Edward na Shida aka yi dokar lalata littattafan ibada na Latin. Ko kafin wannan ma, waƙar da ta tsufa ba a ajiye ta, fatar da aka rubuta ta a kai ake yankawa a yi bangon wani littafi. Daga irin waɗannan bangaye ne masana suke ta zaro guntaye har yau. Kundin Eton na wajen 1500 ya lissafa wata waƙarsa mai murya biyar, Gaude flore virginali, amma shafukan sun ɓace. Abin da ya cece shi kwafin ƙetare ne: kundaye bakwai na Trento, waɗanda ke ɗauke da waƙoƙi sama da 1500, da na Aosta, da na Bologna, da na Modena wanda aka kwafa wa fadar Ferrara a shekarun 1440, inda mafi yawan manyan waƙoƙinsa suke. Yawan kwafin nan shi kansa shaida ne, domin ba a ɓata takarda da tawada a kan abin da ba a rerawa.

Tasirin da ya fi do-mi-so nauyi a wurina shi ne na Mas, babbar ibadar Katolika. Sassanta biyar da ake rerawa kullum, Kyrie, Gloria, Credo, Sanctus da Agnus Dei, da can galibi kowanne daban ake tsara shi. Mutanen Ingila suka fara ɗaukar tsohuwar waƙar ibada guda su ba tenor, ya maimaita ta a duka sassan, sai biyar ɗin su zama gini ɗaya a kan harsashi ɗaya. Alma redemptoris mater ta Power da Da gaudiorum premia ta Dunstaple suna cikin na farko. Rex seculorum kuwa wani kundi ya ce ta Dunstaple ce, wani ya ce ta Power. Magatakardan ƙetare sukan yar da Kyrie ɗin Ingila saboda ƙarin kalmomin da ke cikinsa, shi ya sa wasu suka iso mana da sassa huɗu. Daga nan aka sami Mas mai suna Caput, ta wani ɗan Ingila da ba a san sunansa ba a shekarun 1440, wadda ta sa murya ta huɗu ƙarƙashin tenor. Du Fay da Ockeghem suka ɗauki wannan tsari, ya zama babban aikin da ake gwada gwanintar mai tsara waƙa da shi har cikin ƙarni na 16.

Kuma kada a manta, ta wani ɓangaren shi mai riƙon tsoho ne. Yana da waƙoƙi wajen goma sha biyu a kan tsarin da Faransawa irin su Philippe de Vitry da Machaut suka bari tun ƙarni na 14. A nan tenor yana da abu biyu da ake maimaitawa: jerin sautuka, wanda ake kira color, da jerin tsawonsu, wanda ake kira talea. A Veni Sancte Spiritus mai murya huɗu, tenor yana bin jerin sautukansa sau uku, a kowane zagaye jerin tsawon yana zuwa sau biyu, kuma zagayen suna gajarcewa bisa 3:2:1. Mai saurare ba ya ƙirga wannan, abin da yake ji shi ne waƙar tana ƙara matsowa tana ɗaukar zafi. Nan ne masanin falakin yake fitowa fili, ga lissafi a ƙasa, ga zaƙi a sama.

Sunansa bai daɗe da daraja a gida ba. A 1597 Thomas Morley, mai tsara waƙa ɗan Ingila, ya kawo shi a matsayin misalin kuskure, don ya sa hutu a tsakiyar kalma. Wasu marubutan baya kuma suka rikita shi da Dunstan, waliyyin ƙarni na 10, har suka ce shi ya ƙago haɗa muryoyi gaba ɗaya. Maganar da ka ji ta do-mi-so, Malam Istifanus, ta yi kama da wannan ruɗani.

Istifanus:

Madalla, na gode ƙwarai, malamaina. Kaina ya waye. Saura ɗaya: in ƙaramar ƙungiyar mawaƙa, maza da mata, waɗanda suka saba da murya huɗu da sol-fa, suna so su koyi Quam pulchra es, ta ina za su fara, kuma me ya kamata su kiyaye?

Malama Saratu:

Su fara da samun rubutu mai inganci. Manfred Bukofzer ya tattara ayyukansa a 1953, juzu’i na 8 na Musica Britannica, aka sake gyara shi a 1970. Duk bugun da aka samu, a san abu biyu. Layukan da ke raba awo na masu gyara ne, asalin kundin ba shi da su, kowace murya ma a nata gefen shafi aka rubuta ta. Saboda haka kada a riƙa dukan bugun farko na kowane awo kamar ana maci. Bugu shida wani lokaci uku-uku ne, wani lokaci biyu-biyu-biyu, kuma murya ɗaya na iya yin wannan yayin da ɗaya ke yin wancan. Na biyu, alamun ɗaga sauti ko sauke shi da aka sa a saman layi, ba a gefen sautin ba, shawarar mai gyara ce. Mawaƙan lokacin ba a rubuta musu, sun san ƙa’ida: kafin a buɗe zuwa tazarar takwas, tazarar shida ta zama babba. In za a dire a kan re, tenor yana kan mi, to do na sama ya zama de, wato a ɗaga shi da rabin mataki.

Rabon muryoyi shi ne inda ƙungiyoyin da suka saba da huɗu suka fi ɓata abu. Babu soprano a nan, babu bas mai zurfi. Muryar sama ta dace da mata masu alto. Biyun ƙasa, tenor da contratenor, wuri ɗaya suke zagayawa suna tsallake juna, don haka duka maza masu matsakaiciyar murya za a ba. In aka ba ’yan bas ɗaya suka sauke ta da tazarar takwas, ko aka ba mata suka ɗaga ta, haɗin ya kife: inda aka rubuta biyar sai ta koma huɗu a ƙasa, wadda a ƙa’idarsu saɓani ce. In waƙar ta yi wa mutanenku sama ko ƙasa, a matsar da dukanta tare. A lokacinsu babu tsayayyen ma’aunin sauti, inda ya dace da muryoyi nan ake ɗauka. Mutum biyu ko uku a kowace murya sun isa. Da yawa ya wuce haka, gyaran mi yana wuya.

Wajen koyo, a fara da muryar sama da tenor su kaɗai. Waɗannan biyun cikakkiyar waƙa ce ko ba ta uku, su ne ke yin shida zuwa takwas a kowace direwa. Sai sun zauna daram sannan a shigo da contratenor, wanda aikinsa cike gurbi ne, shi ya sa yake da tsalle-tsalle. A ba shi mutanen da suka fi kunne, ba waɗanda suka fi ƙarfin murya ba.

A yi amfani da kibod wajen ba da do kawai, sannan a kashe. Mi na kibod ya fi na 5:4 tsayi da kusan kashi ɗaya cikin bakwai na rabin mataki, in ana bin sa ba za a taɓa jin haɗin ya kwanta ba. Atisayen minti biyar kafin a fara: wasu su riƙe do, wasu so, har ɓari ya ɗauke. Sannan na uku su shigo da mi su riƙa sassauto shi kaɗan-kaɗan har shi ma ya daina ɓari. Amma akwai tarko a nan. In aka gyara la ya dace da fa, sannan aka gyara re ya dace da wannan la, re ɗin zai fito 10:9 maimakon 9:8, wato ya sauka da 81:80. In aka gina so da do a kan wannan re, duk waƙar ta zame ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na rabin mataki, kuma kowane zagaye ƙari ne. Wannan na cikin dalilan da ƙungiya mai kunne ke ƙarewa ƙasa da inda ta fara. Maganinsa, tenor ya riƙe do da so a ransa kada su motsa, sauran su gyara a kansa.

Furucin Latin ba zai ba mai jin Hausa wuya ba. Wasula biyar ne kamar namu. A furucin coci na yau, c kafin e ko i daidai take da c ta Hausa, qu kuma kw ce, ch kuma k. Biyu ne za a kiyaye: p kada ta koma f, pulchra ba fulkra ba, v kuma kada ta koma b. Wannan na biyun yana da muhimmanci a kalmar veni, “zo”, inda muryoyin ke tsayawa su ja ta. Gudun waƙar kuma numfashi ne ma’auninsa: in jimla ɗaya ba ta shiga numfashi ɗaya ba, an ja ta da yawa. Duka waƙar minti biyu zuwa uku ce.

A haɗin ƙarshe babu tazarar uku, biyar da takwas ne kawai. Wanda ya saba da waƙoƙin coci na yau bakinsa zai kai ga cike gurbin da mi, a hana shi tun ranar farko ta koyo.